An Sa wa Rijiya Magani

Da ruwan farko na daminar bana yayana Hamisu ya cika shekara arba'in da takwas a kabari. Ya rasu yana da talatin da huɗu, ke nan ni ƙanensa na ninka shekarunsa har da ɗoriya. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan yi masa sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa. Akwai abin da 'ya'yansa ba su sani ba game da ranar da aka kashe ubansu, kuma gara su karanta daga hannuna da su ji a bakin wani bayan raina.

Hamisu duba-gari ne. Matasan yanzu ba su san wannan aiki ba sai a labari. Ma'aikacin tsabta ne mai kaki, wanda doka ta ba shi ikon yin sallama a kowane gida, ya leƙa randa, ya duba kwata, ya shiga har bakin salga. Ba wanda ke murnar ganin duba-gari. A Fagge kuwa ba a kiran yayana da sunansa, sai Malam Taku. Dalili shi ne ƙa'idar aikinsu ta ce tsakanin salga da rijiya kada a gaza taku talatin, shi kuma bai yarda da aunawa da ido ba. Zai jingina kekensa, ya kafa dunduniya a bakin rijiya, ya riƙa miƙa dogayen ƙafafunsa yana ƙirgawa a fili, ko da mai gida na tsaye yana zaginsa.

Lokacin kuɗin man fetur ne. An yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo, benaye suna tashi a titin da yanzu ake kira Ibrahim Taiwo kamar ana tsere. Duk inda ka juya siminti ne da bulo da rodi. Mutane suka yi ta kwararowa Kano daga ƙauyuka da kudu, ɗaki ɗaya mutum takwas. Abin da bai ƙaru ba shi ne ruwa. Sai ka murɗa famfon hukuma ya yi tari sau biyu, ya hura maka iska, ya yi shiru.

Shi ya sa unguwarmu, wadda ke gefen Fagge tana fuskantar Sabon Gari, ta yi wa kanta dabara. Aka yashe wata tsohuwar rijiya, aka ƙara mata zurfi, aka yi mata murfi, aka sa inji da ke tura ruwa cikin tanki a kan ƙafafun ƙarfe, da kan famfo shida a ƙasa. Daga nan 'yan ga-ruwa suke cika garwarsu, su rataya a sanda, su kai gidajen Fagge da ɗakunan haya na Sabon Gari, har da masu abinci na wajen kantin takalma na Bata. Mai alwala da mai zuwa coci ruwa ɗaya suke sha. Hukuma ta yarda da tankin bisa sharaɗi huɗu: murfi ya zauna a rufe, a riƙa zuba hodar kashe ƙwayoyin cuta duk mako, a kai kwalbar ruwa gwaji duk wata, kada kuma a haƙa salga a cikin taku talatin. Hamisu aka ɗora wa kula da sharuɗɗan.

Mai kula da injin wani Ibo ne, Obi, mai gyaran famfo. Ya bar Kano a rikicin da ya gabaci yaƙin basasa, ya dawo ya tarar da wani a shagonsa, bai yi ƙara ba, ya sake farawa da jakar sifana ɗaya. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, sai dai har ya mutu bai bambanta kai da ke ba. Da ya hango yayana sai ya ɗaga murya:

"Malam Taku, kin zo?"

"Na zo, amarya. Ina angon?"

"Ango tana tari tun safe, mai ya ƙare mata."

Injin yake nufi. Haka suke kullum.

Sai wani ɗan kwangila, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya tayar da bene mai hawa uku a bayan tankin, ya haƙa wa masu haya ƙatuwar salga. Hamisu ya taka, ya samu goma sha ɗaya. Sau uku yana kai wa mutumin takardar gargaɗi. A karo na uku ina wurin.

"Malam, ai ƙafafunka ne suka cika tsawo," in ji ɗan kwangilar. "Kira mini wada ya taka, ka ga ko ba ta kai talatin ba."

Jama'a suka yi dariya. Hamisu bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, kashi bai san tsawon ƙafata ba."

Takardar rahoton Hamisu ta hau sama, ta kwanta a wani tebur. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka yi ruwan farko, ƙasa ta jiƙa, abin da ke cikin salga ya sami hanya. Cikin mako guda amai da gudawa ya shiga unguwa, ya fara da ƙananan yara. Mutum ya wayi gari lafiya, kafin la'asar idonsa ya faɗa, fatarsa ta yamutse. Kwalbar da Hamisu ya kai gwaji ta dawo da amsar da ya riga ya sani. Aka ba shi umarni ya kulle famfunan, ya zuba hodar nan ninkin ba ninkin a rijiya da tanki, a bar ta yini da kwana, washegari a zubar da ruwan a wanke, a kuma cike salgar.

A nan na shigo labarin. Ni a lokacin shekarata uku ina fassara da karanta labarai a gidan rediyo. Ranar wata Talata da hantsi Hamisu ya zo ofishinmu a keke, hannunsa duk farar hoda, idonsa ja. Ya miƙo mini takarda.

"Ɗan Rediyo, karanta mini wannan a labaran rana. Ni sai na yi ihu ake jina. Kai ko raɗa ka yi sun yarda."

Na ce ya zauna a kawo shayi. Ya ce Obi na jiransa, ya tafi.

Jimla huɗu ce da Turanci. An horar da mu a kan abu uku: gajeruwar jimla, kalmar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, da agogo. Sunan hodar, kulorin, ba shi da Hausar da mahaifiyata za ta gane a wancan zamani, sai na rubuta magani. Sannan tsakanin ƙarshen labarai da tallar agogon hannu da aka riga aka sayar wa lokaci, daƙiƙa ashirin kawai nake da su, har da sanarwar wata jana'iza. Na ja layi a kan jimlar da ta ambaci salga. Na ja layi a kan wadda ta ce gobe ruwa zai dawo, na kuma datse inda aka ce hodar kashe cuta take yi. Abin da ya rage, wanda na karanta da ƙarfe ɗaya da minti tara, shi ne:

"Ma'aikatan duba-gari sun sa wa rijiyar tankin Fagge magani. Ana gargaɗin jama'a kada kowa ya sha ruwan."

Na fito daga ɗakin watsa shiri ina jin daɗin kaina, don ban wuce lokaci ko da daƙiƙa ɗaya ba.

Mai karatu Bahaushe ya riga ya ji abin da ni ban ji ba. Magani a harshenmu fuska biyu gare shi, kuma aikatau ne ke nuna wadda ya juyo. An ba shi magani, jinya ce. An sa masa magani, kisa ne. Babu tsohuwar da ba ta san wannan ba. Ni da aka horar, Turancin da ke bayan jimlar kawai nake ji a kunnena. Jimlar farko ta ce an sa guba, ta biyu ta tabbatar. Ana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ran nan kunne ya ji sarai, kuma jin ne ya yi kisan.

Wajen ƙarfe biyu na hau babur na nufi gidan Inna cin abinci. Tun daga bakin titi na tarar hanya ta toshe. Na ajiye babur na kutsa da ƙafa. Abin da na fara ji shi ne jimlata, kalma da kalma, tana yawo daga baki zuwa baki, har da inda na ja numfashi. Da safe mutane sun ga Ibo da duba-gari sun ɗaure hanci da ƙyalle suna zuba farar hoda a rijiya. Sun ji warin. Sun ga kwaɗo a jikin famfo. Yara na mutuwa. Yanzu rediyo ya faɗa. Kafin jimlar ta zagaya sau biyu ta yi 'ya'ya: Ibo ne ke ramuwar yaƙi, ya sayi duba-gari.

A gaban taron akwai Tanko, sarkin 'yan ga-ruwa, ƙato mai kafaɗa kamar turmi. Da safiyar ranar ya binne 'yarsa mai shekara huɗu, ƙanwarta kuma na kwance. Sandar ɗaukar garwa na hannunsa. Sun riga sun kama Obi. Na ga an karya masa hannu da rodi, ƙashin ya huda fata ya fito fari. Na ga Hamisu ya rungumo shi ta baya, ya ja shi zuwa ɗakin inji, ya tura shi ciki, ya ja ƙofar ƙarfe, ya datse kwaɗo, ya dunƙule makullin a hannun dama. Sannan ya juyo ya jingina bayansa da ƙofar.

"Ba mu shi, Malam Taku," in ji Tanko. "Kai namu ne. Ba mu arnen."

"Tanko, na yi maka ta'aziyya da safe, ina ƙara yi. Abin da ya kashe 'yarka yana can, taku goma sha ɗaya daga nan. Zo in taka maka."

"Taku! Taku! Kullum taku! Me kuka zuba?"

Na buɗe baki na yi ihu cewa ba haka ake nufi ba. Muryar da aka horar don makirfo ba ta tafiya a fili, amma wani tela da ke kusa ya gane ta. Ya damƙi rigata ya ɗaga hannuna sama.

"Jama'a, ga mai rediyon nan da kansa! Ƙanensa ne ma! Malam, don Allah, ba kai ka ce an sa magani ba?"

Wurin ya yi tsit. Na ce, "E, amma..."

E ɗin kaɗai ya yi tafiya. Amma ɗin ya mutu a bakina, don wani gwiwar hannu ya same ni a haƙori, na faɗi, aka bi ta kaina.

Da na miƙe na ga Hamisu ya yi abin da ya fi kowa sanin bai kamata ba. Ya karɓi moɗa daga hannun wata mata, ya buɗe ƙaramin famfon gwaji da ke ƙarƙashin tanki, ya cika, ya ɗaga kowa ya gani, ya yi bisimilla, ya shanye. Ya san yawan hodar da ya zuba. Ina jin lissafinsa shi ne cikinsa zai riƙe na minti biyar, su huce. Bai riƙe ba. Ya tsaya, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, sai ya sunkuya ya kelaya amai a gaban mutum ɗaruruwa.

"Ga shi nan!" in ji wani.

Sandar Tanko ta sauka a ƙeyarsa. Na ji ƙarar, irin ta tulu idan ya fashe da ruwa a ciki. Ya durƙusa, bai faɗi ba. Ta biyu ta same shi a kafaɗa. Daga nan ba sanda ɗaya ba ce. Bulon da aka yi amfani da shi daga ginin ɗan kwangilar aka kwaso, yana jibge a gefe ana shirin hawa na huɗu. Wani da Hamisu ya taɓa kai matarsa asibiti a kekensa ya ɗaga guda da hannu biyu ya sake masa a ƙirji. Wasu suka danne hannun daman suna neman makulli. Suka karya yatsu uku da dutse, ɗaya bayan ɗaya. Sauran biyun ba su buɗe ba. Suna dukan ƙofar ƙarfen da rodi, Obi na ciki yana kiran sunan Yesu da na Hamisu a haɗe, sai motar 'yan sanda ta iso. Duka abin bai kai minti goma sha biyar ba. Na duba agogo, don hannuna ya saba.

A bayan wata a-kori-kura muka ɗauke shi, kansa a cinyata. Wajen Bata ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya rufe da jini. Shi bai ji rediyo ba, yana bakin aiki.

"Ka karanta?"

"Na karanta, Yaya."

"Madalla. To za su gane."

Bai ƙara magana ba. A asibiti sai da ma'aikaciyar jinya ta sa almakashi ta ɓanɓare yatsun kafin makullin ya faɗo.

Da yammacin ranar aka fasa kwaɗon famfunan. Aka zubar da tanki, aka watsar da sauran hodar a kwata, aka sami mai tayar da inji ya yi ta zuƙe rijiyar har warin ya ɗauke. Mutane suka yi hamdala, suka sha. Salgar tana nan inda take. Ban ƙirga waɗanda suka biyo baya ba, kuma ba zan ƙirƙiri adadi ba. Na dai san makarar masallacin unguwa ba ta bushe ba har mako uku, a Sabon Gari ma kafintoci sun yi ta ƙera ƙananan akwatuna. 'Yar Tanko ta biyu tana cikinsu. Sai da cutar ta hau benen da kansa aka cike salgar, aka kuma toshe rijiyar da siminti.

An yi shari'a, an ɗaure Tanko da wasu mutum huɗu. Ba wanda ya tambayi takardar da na karanta. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa jahilci ne ya kashe Hamisu, na bar su a haka. Inna ta rasu da wannan fahimta. Matarsa ma haka.

Bayan shekaru da yawa Tanko ya zo ƙofar gidan rediyo ya aika a kira ni. Ya tsufa, kafaɗun sun zube. Na zaci gafara ya zo nema. Ya tsuguna, ya gaishe ni, ya ce:

"Malam, ni ban yi boko ba. Na ɗauki rai, Allah zai tambaye ni, ban zo in sauke a kanka ba. Abu ɗaya nake so in ji kafin in mutu. Rediyo bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai ka ce an sa. An sa, ko ba a sa ba?"

Na yi masa bayani a tsaye, na faɗa masa jimlolin biyu da na yanke. Ya ce, "Ashe saura kwana ɗaya." Ya tashi ya tafi. Ban wanke shi ba, hannun da ya ɗaga sanda nasa ne. Ɗan kwangila ya haƙa, mai tebur ya danne takarda. Amma magana zarar bunu ce, kuma ni na zaro wannan.

Nakan tambayi kaina me Hamisu zai ce da ya ga Kano ta yau. Kusan kowane gida da ya sami hali ya haƙa burtsatse a tsakar gida, kafaɗa da kafaɗa da ramin ban-ɗakin maƙwabci. Garwa ta tafi, kura da jarkoki sun zo, ba mai tambayar inda aka cika su. Muna shan ruwan leda muna duba tambarin da ke jiki, kamar tambari ne ke tace ruwa. Watan jiya maƙwabcina ya kira masu haƙa. Na fita da sandata na taka, da gajerun ƙafafun tsoho ma tara na samu. Na faɗa masa. Ya ce, "Baba, ai wannan mai zurfi ce, ba irin taku ta da ba." Na ce haka Alhajin ma ya yi dariya. Bai san wane Alhaji nake nufi ba.

Abin da zai fi tayar masa da hankali, ina ji, ba ramukan ba ne. A zamaninsa rediyo ɗaya ya yi kuskure ɗaya. Yau kowa da gidan rediyonsa a aljihu, ba agogo, ba mai dubawa. Duk lokacin da na ji saƙon murya na yawo cewa an sa wani abu a allurar rigakafi, ko a ruwa, ko a gishiri, na san yadda irin wannan jimla take ƙarewa, na san ƙarar da take yi a ƙeyar mutum.

Me ya rage na Hamisu? Ba titi da sunansa. Inda tankin yake yanzu shagunan waya ne. Obi ya rayu shekara talatin bayansa da shanyayyen hannu, bai bar Sabon Gari ba, kuma bai taɓa haɗa inji a rijiya ba sai ya taka. In ba ta kai ba ya ɗauki jakarsa, ko nawa aka yi masa tayi. 'Ya'yansa sun gaji sana'ar. Na taɓa jin babban yana ce wa wani mai gida, "Oga, bari mu yi takun Malam tukuna." Na tambaye shi wane Malam. Ya ce bai sani ba, haka babansu ke faɗa. Ban ga laifinsa ba. Suna ya ɓace, ƙafa tana aiki.

Ni kuwa abin da ya rage a wuyana takarda ce. Ya ba ni jimla huɗu, na karanta biyu. Ga su duka, yadda ya kamata su fita:

"Gwaji ya nuna ƙazanta daga wata salga tana shiga rijiyar tankin Fagge, ita ke kawo amai da gudawa. Don haka duba-gari sun zuba hodar da ke kashe ƙwayoyin cutar, ba ta kashe mutum, amma yau ta yi ƙarfi da yawa. A haƙura da ruwan yau kaɗai, a tafasa wanda ke cikin randa. Gobe da safe za a wanke tanki, a buɗe famfo, kowa ya sha."

Na karanta ta a ɗakina da agogo a hannu, da saurin da aka koya mana. Ta fi wadda na karanta a ranar da daƙiƙa goma sha huɗu.

Allah Ya jiƙan Hamisu, Ya shayar da shi daga tafkin da ba a kulle shi. Ya jiƙan yaran da suka sha bayansa. Ni kuma 'ya'yansa sun san gidana.